Lokacin da Taubashina Ya Koma Gaishe Ni

Ni dai gudun noma ne ya kai ni Gusau. Mahaifinmu yana da gonaki a bayan Bungudu, ta wajen da duwatsun Kwatarkwashi suke leƙo mutum, kuma tun ina yaro na yanke wa kaina hukuncin cewa bayana ba na duƙe-duƙe ba ne. Na yi karatu iya abin da ya samu, na buɗe shagon kayan gyaran babur a Sabon Gari, na zauna a inuwa ina kallon masu fartanya da tausayi. Sai ga shi da girmana, furfura ta fara leƙowa a gemu, na wayi gari ina noma a cikin waya.

Wasa ne na wani kamfani na ƙasar waje. Ana ba ka ɗan fili, ka shuka alkama da masara, ka kiwata kaji da shanu, ka sayar ka faɗaɗa. Masara takan nuna kafin shayinka ya huce. Babu fari, babu tsuntsu, babu akuyar maƙwabci. Irin noman da na daɗe ina nema ke nan, don haka na riƙe shi hannu bibbiyu.

Wanda ya fi kowa yi mini dariya a kan wannan noma shi ne taubashina, ɗan gwaggona da ta yi aure a Tsafe. Direban motar haya ne tsakanin Tsafe da Gusau, kuma sa'ana ne. Tun ba mu san sa wando ba muke zagin juna. A ƙa'ida ni ne ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne, amma bai taɓa yarda ba, kullum cewa yake an yi kuskure wajen lissafin. In ya sauke fasinja ya biyo ta shagona, tun daga nesa zan ji muryarsa.

“Ina ragon Bungudu, wanda yab bar tsoho da hauya yaz zo birni shina tsaron kusoshi?”

Ni kuma in ce masa ya matsar da akwalar motarsa daga ƙofar shagona kada ta ruɓe a nan a ce ni na kashe ta. Mu yi ta yi, masu gyara suna dariya, ya cinye abincina ya tafi bai ce an gode ba. Ban taɓa jin ya tambaye ni ya gida ba. Amma ranar da matata ta kwanta asibiti, shi ya fara isa, ya ajiye motarsa a bakin ƙofa ya hana kansa aiki har aka sallame ta, yana zaune yana gaya wa masu jinya cewa rowata ce ta kwantar da ita.

Wata damina tayarsa ta fashe a hanya, motar ta gangara rami. Allah ya kiyaye fasinjoji, shi kuwa ƙafarsa ta karye mummunar karaya. Maɗori ya ɗaure, ya ce kada ya kuskura ya taka sai ya ba shi izini. Mutumin da bai iya zaman minti guda ba, sai ga shi shimfiɗe a ɗaki yana ƙirga azara. Da na je duba shi na karɓi wayarsa na sa masa wasan, na ce ga gona nan, tunda tuƙi ya gagare shi ya gwada sana'ar iyayengijinsa. Ya ce Allah ya sawwaƙe masa noman ragwaye. Kafin in iso Gusau ya riga ya shuka alkama.

A cikin wasan akwai dandalin tattaunawa na kamfanin, inda masu wasa suke kai kuka in abu ya lalace, ko su tambayi yadda ake samun wani abu. Da kamfanin ya lura Hausawa sun yi yawa, sai ya buɗe mana namu sashen. Ranar da aka buɗe shi ya tashi daga dandali ya koma majalisa. Mutum zai zo tambayar yadda ake gina rumbu, amma sai ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa ko ya sauka a wajenku, sannan a can ƙasa ya ajiye tambayarsa. Masu amsawa su ma sai sun amsa gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, wani ma ya manta da rumbun gaba ɗaya. Akwai mutanen Maraɗi, akwai na Kumasi, akwai wani da ya ce daga Sudan yake. Babban kukanmu a lokacin shi ne babu gero a wasan, babu dawa, amma akwai wani jan ɗan itace mai ƙuraje da babu wanda ya taɓa ganinsa a kasuwa.

Wata ma'aikaciyar kamfanin ce take lura da mu, ban taɓa ganin fuskarta ba sai hoton kyanwa da ta sa a wurin hotonta, shi ya sa nake ce mata Mai Kyanwa. Ba ta jin Hausa, na'ura ce take fassara mata, kuma na tabbata na'urar tana kwana da ciwon kai. Ta yi cigiyar wanda zai riƙa kula da sashen kyauta, mai jin Turanci. Na miƙa kaina. Ba zan ɓoye ba, ina son tsari, kuma ina son a ce ni ne. Aka liƙa mini wata koriyar alama kusa da hotona, aka ba ni ikon goge rubutu da ja wa mutum kunne. Dokokin ba su da yawa: ban da zagi, ban da talla, ban da maganar da ba ta shafi wasa ba. Wanda ya karya a gargaɗe shi, in ya sake a dakatar da shi, in ya ƙi ji a kore shi har abada, gonarsa ta bi ruwa.

Talla ba ta ba ni wahala ba, na goge masu sayar da raguna da masu maganin basir ba tare da na waiwaya ba. Gaisuwar mutuwa ce muka fara jayayya a kanta da Mai Kyanwa. Wani ɗan Ƙaura ya rasa mahaifiya, dandali ya cika da ta'aziyya, ta rubuto mini cewa wannan bai shafi wasa ba. Na ce mata ya shafa, domin mutumin da ba a yi wa gaisuwa ba ba zai sake sayen ƙwan kowa a wasan ba. Ta bar mu.

Taubashina kuwa ya samu wurin zama. Yana kwance babu aikin yi, sai ya zama shi ne na farko a kowace magana. Ya iya ba da labari, ya iya tsokana, cikin ɗan lokaci duk dandalin ya san shi. Matarsa ta gaya wa matata cewa tun da ya shiga wurin ya daina yi wa yara tsawa, har abinci yake ci sosai. Ni ne dai abincin nasa na gaskiya. Duk sanarwar da na liƙa, kafin in ajiye waya ya sauka a ƙarƙashinta.

“Jama'a ku saurara, dogarin Turawa zai magana. Wanga da kuka gani bawana na, gadonai nic ci. Ko kazar waya ba ya iya kiwo, kajinai dut sun rame.”

Mutanen gida sun gane, suna ta dariya. Amma dandali ba tsakar gida ba ne, akwai baƙi, kuma a ƙarƙashin kowane rubutu akwai ɗan maɓallin kai ƙara. Wani bawan Allah mai kyakkyawar niyya ya ga ana cin mutuncin mai kula da dandali, ya danna. Na'ura ta kwashi maganar ta juye wa Mai Kyanwa da Turanci. Ina cikin auna wa wani bakanike man inji sai ga saƙonta, dogo, mai cike da tausayi. Ta ce ta karanta abin da wannan mutum yake yi mini, hankalinta ya tashi. Ta ce babu wanda ya cancanci a kira shi abin da aka kira ni, kamfanin yana tare da ni, kuma in ina bukatar hutu don in samu natsuwa in faɗa. Na yi dariya har man ya zube a ƙasa.

Da dariyar ta lafa na zauna in yi mata bayani, a nan na gane Turancina na sayar da kaya ne. Na ce mata ɗan'uwana ne. Ta ce cin zarafi daga dangi ya fi ciwo. Na ce wasa ne na gado, iyayenmu sun yi, kakanninmu sun yi. Ta ce tana girmama al'adarmu ƙwarai, amma doka ɗaya ce ga kowa, kuma ba ta da hanyar da za ta bambance zagin ƙauna da na ƙiyayya daga inda take zaune. Aka aika masa gargaɗi. Ya ɗauki hoton gargaɗin ya liƙa a dandali, ya rubuta cewa bawansa ya kai ƙararsa wurin Turawa. Aka dakatar da shi na 'yan kwanaki.

Dandali ya kama da wuta. Wani malamin makarantar sakandare a Bungudu, wanda dama yana da tabo domin kamfanin ya taɓa goge masa dogon rubutun da ya yi yana sukar yadda suka tsauwala samun taki a wasan, shi ya ja gaba. Ya buɗe maudu'i ya sa masa suna, bakinmu namu ne ko na kamfani. Ya ce yau an hana mutum wasa da taubashinsa, gobe za a hana shi cewa wasan ya lalace, jibi kuma sai wanda ya yabi kamfani zai yi magana. Ya ce mu ne muke ƙona datarmu, mu ne muka cika musu dandali, ba za a zo daga wata duniya a koya mana yadda ake magana da ɗan gwaggo ba. Da na karanta sai na ji jinina yana tafasa, na manta ni ne dogarin.

Sai wata Hajiya mai sayar da atamfa a nan Sabon Gari ta amsa masa. Gonarta ta fi ta kowa girma a cikinmu, kuma ba ta da yawan magana, shi ya sa da ta yi kowa ya natsu. Ta ce kwanakin baya wani ya bi ta da maganganun banza a dandalin nan, irin waɗanda ba za ta iya maimaitawa ba, kuma da aka kama shi cewa ya yi ai wasa ne, garinsu da garinta abokan wasa ne. Ta ce ba ta san shi ba, ba ta san uwarsa ba, kuma ba don maɓallin nan ba da tuni ta bar wurin, ita da sauran matan da suke karatu ba sa rubutu. Ta ce dandalin zauren kamfani ne, su suka gina, kuma ita in baƙo ya shigo shagonta ya fara ashar ba ta tambayar ko da wa yake wasa, waje take nuna masa. Da na karanta wannan kuma sai na ji ita ce mai gaskiya.

Haka na yi ta yawo tsakaninsu. Abin bai tsaya a waya ba, domin Malam yakan shigo Gusau sayen kayan babur ɗinsa, shagon Hajiya kuma bai fi jifa ba daga nawa. Wata ranar Asabar suka haɗu a kan bencina, ya cire hula ya ajiye a gwiwa alamar ba yanzu zai tashi ba.

“Hajiya, ni ban ce a bar 'yan iska su ci zarahin mutane ba,” in ji shi. “Cewa nika yi, wanda bai san mu ba bai iya yi muna alƙalanci.”

“To Malam, ga wanda yas san mu nan zaune,” ta nuna ni da baki. “An ba shi alƙalancin. Shi hwaɗa muna, in mutum biyu sunka zagi juna, ta ina shika gane na wasa?”

Na ce ai abu ne mai sauƙi, ana duba dangantaka.

“Kai ka san dangin mutanen Kumasi?” ta tambaye ni.

Na ce ban sani ba. Malam ya ce to a bar kowa ya yi maganarsa, wanda aka ɓata wa ya rama. Hajiya ta ce wannan dokar masu ƙarfin baki ce, shi yana da bakin ramawa, 'yarta da take wasan ba ta da shi. Ya ce kamfanin ba don 'yarta yake goge rubutu ba, don kasuwarsa yake yi. Ta ce ita ma ba don Allah kaɗai take share ƙofar shagonta ba, amma mai wucewa yana amfana. Suka yi ta yi har aka kira la'asar, babu wanda ya matsa daga inda yake, sai dai Malam ya tafi da turmin atamfa na matarsa.

Ni abin da ya dame ni daban ne. Mai Kyanwa ta gaya mini a fili cewa saura kuskure ɗaya a kori taubashina har abada. Na san abin da wurin nan ya zame masa. Ƙafa ba ta haɗe ba, maɗori ya sake ɗauri, abokan tasha sun rage zuwa. Ranar da dakatarwarsa ta ƙare, ina zaune da waya a hannu ina jiransa. Bai ba ni kunya ba. Ya shigo da wani zagi da ya kwana yana gyara shi, a kan wuyana da yadda hula take zama a kaina, zagi mai kyau wanda ni kaina sai da na murmusa. Kafin wani ya gani ya danna ƙara, na goge shi. A wurin sai wani ɗan layi ya fito, mai cewa mai kula da dandali ya cire wannan rubutu. Ya sake wani, na sake gogewa. Sannan na kira shi.

“Kai, ka bar zagina cikin dandalin ga,” na ce. “Korar ka za su yi, gonarka ta tahi. In zagi kaka so, ga waya nan, kira ni.”



“To,” ya ce. “An bari.”

Washegari na liƙa sanarwa a kan sabon injin niƙa da aka ƙaro a wasan. Sai ga shi a ƙasa: “Sannu da aiki Malam, Allah shi saka da alheri.” Na yi dariya, na ɗauka sabon salon tsokana ne. Kwana ya bi kwana, bai canza ba. Ya koma gaishe ni da safe a dandali, yana tambayar iyali. Mai Kyanwa ta rubuto tana taya ni murna, ta ce dubi yadda mutum yake gyaruwa in an bi da shi ta hanyar da ta dace, har tana so ta ba sauran masu kula da sassa labarinmu. Hajiya ta ce shi ke nan an zauna lafiya. Ni kuwa duk gaisuwar da ya yi sai in ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji.

Na je Bungudu gaida Inna, mahaifiyata, sai na kira shi a gabanta na buɗe murya don ta yi masa ya jiki. Kafin in ba ta, na jefa masa ɗaya, na ce ya gurgun Tsafe, an fara rarrafe?

“Lahiya lau, Alhamdu lillahi,” ya ce. “Ya kasuwa? Ya yara? A gaida mutanen gida.”

Inna tana tsintar wake, ta ajiye faifan. Ta yi masa sannu a gajarce, ta jira na kashe wayar.

“Mi kay yi ma ɗan gwaggonka?”

Na ce ban yi masa komai ba, taimakonsa ma na yi. Na fara yi mata bayanin dandali da maɓalli da Mai Kyanwa, ta ɗaga mini hannu.

“Ni ban san wanga shirme naku ba. Amma tun da anka haihe ku ban taɓa jin ya tambaye ka yara ba. Taubashi in ya koma gaishe ka, ya hidda kai daga dangi na. Tashi ka tahi Tsahe.”

Na tafi. Tun daga zaure na ɗaga murya na ce ina bawan gidan nan, ubangijinsa ya zo. Yana kwance a gindin darbejiya, ƙafar a miƙe cikin karare. Ya yunƙura ya gyara zama, ya ce maraba, sannu da hanya. Ya kira matarsa ya ce a kawo wa baƙo ruwa, a ɗauko sabuwar tabarma. A gidan da nake shiga har madafa in buɗe tukunya, aka shimfiɗa mini tabarmar baƙi, aka kawo mini ruwa a kofin gilashi da faranti a ƙarƙashinsa. Matar ta ajiye tana kallon ƙasa. Na gwada ta motarsa, na gwada ta hancinsa, duk abin da na jefa sai ya ce haka ne, Allah ya kyauta. Raina ya ɓaci, na ce masa wai shi wane irin mutum ne, an tsare masa gona yana fushi?

Ya dubi ƙafarsa ya amsa.

“Tun da nik kwanta, kowa yaz zo sannu shika ce min. Sannu, sannu, Allah shi ƙara sauƙi. Har yaran da nika kora da bulala sannu suka ce min. Wuri guda yar rage inda ba a yi min sannu, ina shiga in zage ka gaban mutane, su yi dariya, in ji ni ne dai, ban zama abin tausai ba. Sai kai ma kab bi ni kana sharewa, kamar yaro ya yi kashi tsakar gida.”

Na ce don kada a kore shi ne.

“Na sani,” ya ce. “Tausai na kaj ji. Shi na abin.”

Na sha ruwan baƙi, na yi sallama, ya ce in sauka lafiya, in gaida iyali.

A motar komowa aka matse ni a baya tsakanin wani mai buhun barkono da wata tsohuwa mai kaji. Ina ta atishawa ina tunani. Maganar Malam ta zo mini, ta Hajiya ta zo mini, kuma har yanzu ina ganin kowannensu da gaskiyarsa. Sai dai babu ɗayansu da aka shimfiɗa wa sabuwar tabarma. Taubashina ba zai iya zagina a dandali ba, za a kore shi. Amma ni ko gargaɗi ba a taɓa yi mini ba. Na zaro waya da ƙyar daga aljihu, na buɗe sabon maudu'i a wurin da nake liƙa sanarwa, da koriyar alamata da komai, na sa masa suna muhimmiyar sanarwa.

Na rubuta cewa ana sanar da jama'a akwai wani direba a Tsafe da akuya take wuce motarsa a kan kwalta. Na ce shi kaɗai ne direban da rami yana zaune a wurinsa lafiya ya je ya same shi. Na ce kwanciyar da yake yi ba karaya ba ce, lalaci ne ya samu takardar izini. Na bi kansa, na bi kunnuwansa, na bi gonarsa ta waya da ko ɓera ba zai yi sata a cikinta ba. Na rufe da cewa bawana ne, ɗan baiwar gidanmu, kuma duk mai ja ya zo Bungudu a nuna masa asali. Tsohuwa mai kaji ta ga ina ta murmushi ni kaɗai, ta ɗan matsa.

Kafin mu shigo Gusau dandali ya rikice. Malam ya rubuto da manyan baƙaƙe cewa yau dogari ya tuba ya dawo cikin talakawa. Hajiya ta ce ta yi dariya har ta yi kuskuren yanka yadi, amma doka doka ce, kuma tana fata za a yi mini abin da ake yi wa kowa. Aka yi mini kuwa. Da safe na tarar da saƙon Mai Kyanwa, gajere wannan karon. Ta ce an kai ƙarata, ta karanta, ba ta taɓa tsammanin haka daga gare ni ba, musamman a kan mutumin da ya yi ƙoƙari ya gyara halinsa. An cire alamar, an dakatar da ni ba tare da gargaɗi ba, tunda ni ne mai tsaron dokar. Na ji zafin alamar nan fiye da yadda na zata, don na saba da ita. Amma abin da nake dubawa ba shi ba ne. A cikin duk masu amsawa babu taubashina, ko alamar dariya bai saka ba.

Na je na buɗe shago. Wajen hantsi wani dattijo ya kawo babur yana neman fulogi, ina cikin duba masa sai wayata ta yi ƙara. Hannuna duk baƙin mai, na danna da gwiwar yatsa, muryar ta fito a fili. Babu sallama, babu ina kwana.

“Kai tsinannen rago! An tuɓe ka ko? Ni nik kai ƙararka, da wanga babban yatsa nau, kuma da za a ba ni dama sai in ƙara! Wai ni za ka zaga da wanga zagi naka mai sanyi kamar kunun jiya? Akuya ta wuce motata? Kai da ko keke sai an riƙe maka? Tsaya in koya maka wada aka yi, bawan banza!”

Ya fara daga wuyana. Ina jin matarsa a bayansa tana dariya tana cewa ya yi a hankali da ƙafar. Na tsaya riƙe da fulogi, ina ta gyaɗa kai kamar ana karanta mini addu'a, idona ya kawo ruwa ban san lokacin ba. Dattijon ya dube ni, ya dubi wayar, ya gyara tsayuwa.

“Subhanallahi. Malam, wa ka cin mutuncinka haka da sahe?”

“Ɗan'uwana na, Baba,” na ce. “Ya samu sauƙi.”